Shin Alheri Ne A Ɗanɗana Wa Yaro Sama?

A shekarar 1992 ne wata ƙungiyar ma'abota jiragen sama da ke Oshkosh a Amurka ta ɓullo da shirin Young Eagles, inda matuƙa 'yan sa-kai ke ɗaukar yara masu shekara 8 zuwa 17 a ƙananan jirage, su zaga da su sararin samaniya na kimanin minti 20, ba su karɓi ko kwabo ba. Yaran da aka ɗauka sun haura miliyan biyu.

To, mu ƙaddara an kawo irin wannan shiri Nyanya, inda yaro ke buɗe ido da asuba ya ga mahaifinsa na kokawar shiga mota a cunkoson hanyar Keffi. A kai shi sama, a sauko da shi, a mayar da shi lungunsu. Shin alheri aka yi masa, ko kuwa kwaɗayi aka dasa masa? Kwalejin koyon tuƙin jirgi tana nan Zariya tun 1964, amma kuɗinta ba na ɗan talaka ba ne. Wasu za su ce wanda bai lashi zuma ba, ba ya kukan rashinta.

Mu dai ba mu gamsu ba. A hana yaro gani don gudun kada ya so, raini ne aka sa wa rigar tausayi. Sai dai wanda ya ɗaga yaro sama ya ci bashi: wajibi ne ya faɗa masa gaskiyar hanyar, wato lissafi da kimiyya, gwajin lafiyar ido, da tarin kuɗi. Su kansu Amurkawan ba sa sallamar yaro hannu rabbana. Sukan ba shi littafin rubuta tashinsa, da darussan farko na tuƙi kyauta ta intanet.