Tafiya Ta'aziyya Ƙasar Waje: Hakkin Wa Ake Saukewa?

Da wuya a sami tsohon gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato wanda ba shi da reshe a wata ƙasa. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun bar zuriya a Salaga, da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 kuwa, da yawa suka gangara Kumasi da sauran zangunan ƙasar Gana. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 su ne suka kafa Mai Wurno a Sudan. Irin waɗannan dangi akan shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsu ba, sai ran da waya ta kawo labarin rasuwa. A nan ne mutum kan shiga shawara da zuciyarsa: ya ɗaura niyyar tafiya, ko ya yi addu'a daga gida ya aika da abin da ya sawwaƙa?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, mai wannan tafiya ba zai tarar da jana'iza ba. Shari'a ta yi umurni da gaggauta suturta mamaci, wanda ya cika da hantsi a zangon Kumasi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, alhali ƙaninsa na Kano ko jaka bai ɗaure ba. Ajiye gawa kwana da kwanaki a asibiti don jiran baƙo na nesa saɓa wa Sunna ne. Sallar jana'iza farillar kifaya ce, wato in maƙwabta sun yi ta faɗi a kan kowa. Sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha daga Madina a shekara ta 9 bayan Hijira, Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun kafa hujja da ita, malaman Malikiyya kuwa sun ɗauke ta abin da ya keɓanta da shi. Addu'a da sadaka da biyan bashi dai suna riskar mamaci daga ko'ina aka yi su.

Saboda haka masu cewa gara a aika da kuɗin motar ga marayu ba su yi wauta ba. Suna ma da wata magana mai zafi: mutumin nan ya yi wata shida yana jinya ba wanda ya taka, sai da ƙasa ta rufe idonsa aka san hanya. Wanda gudun bakin mutane ne kaɗai ya tashe shi, ko wanda zai ci bashi ya bar iyalinsa ba hatsi, zamansa a gida ya fi masa.

Amma Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma akwai abin da saƙon kuɗi ba ya yi. Ta'aziyya hakkin rayayyu ce. Kwanakinta uku ne, sai dai malamai sun yi rangwame ga wanda ba ya gari, ya yi ta ran da ya iso. Zai tarar da mace tana takaba ta wata huɗu da kwana goma, da yara waɗanda garin ubansu a labari kawai suka san shi. Yaron da ya ga baffansa ya sauka daga mota da ƙurar ƙasa uku a jikinsa, ya ga kamannin ubansa a fuskarsa, ya san yana da gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, wanda danginsa suka san shi ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wanda aka manta da shi kuwa ya iso garin kakansa yana tambayar masauki.

Sai kuma maganar gado, wadda ita ce ta fi raba dangi. Sau da yawa mamaci ya bar mata da 'ya'ya a gida kafin ya tashi, ya sake aure can. Rabon da Allah Ya yanka bai san iyakar ƙasa ba: ɗa na Kano da ɗa na Kumasi rabonsu ɗaya. In aka bar wannan ga waya, zato da zargi ne ke cike gurbin abin da ido bai gani ba. In kuwa amintacce ya je, ya zauna da limamin unguwa da dattawan zango, aka lissafa bashi da wasiyya da abin da ya rage, an kashe wutar tun ba ta kama ba. Ɗan'uwa ba ya gado inda akwai ɗa namiji, don haka baffan da ya je shaida ne da mai sulhu, ba mai rabo ba.

Tafiyar tana da ladabi. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta, shekara ta 8, Annabi ya sa a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Baƙon da ya sauka hannu rabbana, ya miƙe ƙafa har sadakar arba'in ana yanka masa kaji daga dukiyar marayu, ya juya wannan Sunna baibai. Ya zo da guzurinsa, ya taƙaita zama.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa. Da abokan tafiya suka yi mamaki, ya ce mahaifin mutumin masoyin Umar ne, shi kuwa ya ji daga Annabi cewa sadar da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya gare shi. Mai ta'aziyya ma kafin ya juyo sai ya nemi abokan mamaci ya gaishe su, ya rubuta sunayen yaran da shekarunsu, ya san wa ke makaranta, wa ya isa aure, ya kuma yanka lokacin da babbansu zai zo ya ga kakarsa tun tana raye.