ICEN GIRKI: HAƘƘIN WA MUKE ƘONAWA?

Yau ina so mu ɗan zauna a bakin murhu mu tattauna wata tambaya da ba kasafai muke yi wa kanmu ba: shin matar da ta hura wuta da icen da aka saro daga ɗanyar bishiya, alhali ba ta da wata hanyar dafa wa 'ya'yanta abinci, akwai laifi a kanta? In kuwa babu, to laifin wa ne da dajinmu yake ƙarewa?

Ki tambayi duk wata tsohuwa a Kafin Hausa, ko Bulangu ko Sarawa, za ta ba ki labarin zamanin da yarinya za ta fita bayan gari ta dawo da dammin busasshen ice kafin hantsi ya dubi ludayi. Yanzu fa? Ice sai da kuɗi, kuma a ƙidaye. Wadda ba ta da hali sai ta koma ga kara da buɓɓugin masara da kashin shanu, waɗanda da ma abincin gona ne. Kin ga an kashe wutar yunwa yau, an kunna ta baɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, komai ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da dama a Dutse da sauran birane suka ajiye risho da tukunyar gas suka koma gawayi. Gawayin nan ba daga sama yake faɗowa ba, bishiyoyin karkara ne ake ƙonawa ana loda wa motoci.

Masu wa'azin muhalli sukan yi saurin ɗora wa mace laifi, wai ita ke cinye daji. Gaskiya wannan ba adalci ba ne. Ita ce fa take shaƙar hayaƙin safe da yamma, da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa. Tarin da ba ya jin magani, jan ido, ciwon haƙarƙarin jarirai, duk muna ganin su mu ce sanyi ne. Wanda aka fi cuta bai kamata a fara kai shi gaban alƙali ba. Kuma malamai sun karantar da mu cewa larura tana da hukuncinta.

Amma 'yar uwa, kada mu tsaya a nan mu ce shi ke nan mun fita. Malaman da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne kuma suka ce ana auna ta ne gwargwadonta. Wanda yunwa ta tilasta masa, an yarje masa abin da zai tsira da shi ne kawai. To mu auna kanmu tsakaninmu da Allah: icen da muke ƙonawa duka larura ce? Murhunmu na duwatsu uku a buɗe yake ta ko'ina, iska tana kwashe mafi yawan zafin, kaɗan ne yake isa gindin tukunya. Sau nawa ake sauke tuwo a bar wuta tana ci ita kaɗai? Sau nawa ake ɗora wake ba a jiƙa shi ba, tukunya ba murfi? Sau nawa kishiyoyi biyu suke hura wuta biyu a tsakar gida ɗaya don kawai ba sa ga maciji? Wannan kam ya tashi daga larura ya koma almubazzaranci.

Abin da ya sa maganar take da nauyi shi ne, bishiya ba ta mutum ɗaya ba ce ko da a gonarsa take. Tsamiya da kuka da ɗorawar da muke ci yau, waɗanda suka raine su da yawansu ba su ɗanɗani 'ya'yansu ba. Bashi ne muka ci, kuma jikokinmu ne za a biya. Ya inganta a hadisi cewa dashen da Musulmi ya yi, duk abin da ya ci daga gare shi, mutum ko tsuntsu ko dabba, sadaka ce a gare shi. Sayyidina Abubakar kuwa ko mayaƙa ya hana su sare itatuwa masu 'ya'ya. In a fagen fama an hana, ina ga lokacin zaman lafiya?

To mene ne a hannunmu? Na farko murhu mai tsimin ice. Ko na laka ne da za ki gina da hannunki, ki zagaye tukunya da shi ki bar ƙofa ɗaya ta ice, za ki ga bambanci a cikin mako guda. Ki riƙa shanya ice ya bushe sarai, ki jiƙa wake tun dare, ki kashe garwashi ki adana. Na biyu fitilar sola. Ƙaramin faranti ɗaya da batir sun isa su ba ki haske, yara su yi karatu, a yi cajin waya, a huta da kananzir da batiran tocila. Sai dai in gaya miki gaskiya, ƙaramar sola ba ta tuƙa tuwo, kada wani ɗan talla ya ruɗe ki. Farantin yana daɗewa in ana goge masa ƙura, musamman da hunturu, amma batir ne yake fara mutuwa, don haka a tanadi kuɗinsa tun da wuri, kuma kada a bar yara su yi wasa da mataccen. In kuɗin ya yi miki yawa, ai adashin da yake sayen kwanuka da atamfa zai iya sayen wannan.

Na uku kuma maigida. Makamashin girki yana cikin ciyarwar da ta rataya a wuyansa, ba a wuyanki ba. Ki zaɓi lokacin da ransa yake sanyi, ki lissafa masa abin da ice da magani suke ci a wata, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: in ya zo sharar gona kada ya tumɓuke duk tohon da ya gani. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram haka suka yi bayan farin shekarun 1980. Suka riƙa barin tohon kututture, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, har aka ƙiyasta bishiyoyi kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. Gawo ma kin san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki. Yau matansu da dama sassabe suke girki da shi, uwar bishiyar tana tsaye.

Saura maganar hukuma, don ba duka nauyin ne namu ba. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Dashe a gaban 'yan jarida abu ne mai sauƙi, raino shi ne aiki. Wangari Maathai ta ƙasar Kenya da matan ƙauye ta fara dashe a 1977, har ta kai ga lambar Nobel a 2004, saboda matan ba su bar shukar ga awaki ba. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe. In ɗan takara ya aiko da taliya da sabulu, mu tambaye shi: da me za mu dafa taliyar? Ina famfon sola na unguwarmu, ina haske a ɗakin haihuwa, wa zai shayar da dashen bara?

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, ba za a kama ki da laifin ciyar da 'ya'yanki ba, amma za a tambaye ki abin da kika iya ragewa ba ki rage ba, da abin da kika iya rainawa kika bari ya mutu. Kowa da gwargwadon ikonsa, mai mulki da nasa, maigida da nasa, ke ma da naki. Daminar bana ki dasa ko da zogale ɗaya ne ko darbejiya a bayan ɗaki, ki kewaye ta da ƙaya, ki riƙa ba ta ruwan alwala.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya sa mu bar wa na baya inuwa kamar yadda aka bar mana. Amin.