Fitsarin Inji

A bakin Kwara a Yawuri akwai wani tsohon direban jirgi da ke jigilar 'yan kasuwa da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ɗan ƙanwarsa kuma shi ne yaron jirgi. Doka ɗaya ya kafa masa: da an tayar da inji, a waiwaya a duba fitsari, wato siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga jikin injin. Shi ne shaidar famfo na jawo ruwan kogi yana sanyaya ciki.

Wata ranar kasuwa tsohon ya sakar wa yaron tuƙi. Shi kuwa gogan naka hankalinsa na kan jirgin da ya wuce su, sai ƙara wuta yake yi. Suna tsakiyar ruwa inji ya fara ja da baya, ƙaurin roba ya tashi. Yaro ya sunkuci ƙwarya ya shiga sheƙa wa murfin ruwa.

"Kashe shi!" in ji tsohon. "Zafin a ciki yake, kai kana yi masa wanka. Yaushe rabonka da ganin fitsari?"

Shiru.

Tsohon ya ɗaga ƙafar injin ya shafa ramukan shan ruwa, don leda da ganyen kainuwa sun saba liƙe su. Ba komai. Ya zura guntun waya a kafar fitsarin, ko yashi ne ko zanzaro ya yi gini. Aka tayar na ɗan lokaci, ko ɗigo. Sai da suka raɓa wani tsibiri ya kwance ƙafar ya buɗe famfon. Robar nan mai fukafukai da ke cikinsa ta ƙone, biyu sun gutsure, sauran sun ƙandare.

Ya jujjuya ta a tafin hannu. "Wannan ba tsufa ba ne. An kunna injin nan a tudu."

"Kawu, jiya ne, abokaina suka ce su ji ƙararsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba."

"Ya isa. Ruwa ne man shafawarta."

Babu wata robar a akwati, ga mata masu kwandunan bandar kifi sun fara tsaki. Tsohon ya zaro filafili biyu daga ƙarƙashin kaya ya miƙa wa yaron babban. Sun iso gaci bayan la'asar, dillalai sun riga sun ɗaure buhunansu.