Ko Ya Kamata Saurayi Ya Tafi Tsibiri Neman Aiki?

Kowace shekara, da an ɗaure dawa an kai rumbu, sai mu ga samari suna ɗaure kayansu su ma. Wanda ya tsaya a tashar mota a Dutse, ko Shuwarin ran kasuwa, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san abin da muke faɗi. Waɗansu Kano za su, waɗansu Abuja. Waɗansu kuwa ba su tsayawa sai sun ga bakin teku, har su haye zuwa tsibirin Ikko, tafiyar da ta fi mil 600. In uba ya yi magana, ɗan yakan ce, "Baba, yanzu ne nake da ƙarfi, ba mata ba ɗa. In ban tafi yanzu ba, sai yaushe?" Uban ya yi shiru, gama maganar tana da ƙamshin gaskiya. To, bari mu duba ko gaskiya ce duka.

Tafiya neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu sun yi cin rani tun ba a san mota ba. Ruwan sama a nan wata huɗu ne, in ya yi kirki. Sauran watanni mutum ba zai zauna gindin dabino yana ƙirga kwanaki ba. Amma fa mai cin rani na dā yana da wani abu guda wanda ya tsare masa mutuncinsa, watau ƙafarsa. In maigidan da ya sauka wurinsa ya zalunce shi, sai ya naɗe tabarmarsa da asuba ya kama hanya. Yana bi ƙauye ƙauye, yana ƙwadago yana ci, har ya iso gida kafin shuka.

Tsibiri ya hana wannan. Wanda ya shiga tsibiri da jirgin wani ya shiga, da jirgin wani kuma zai fita.

Akwai wani tsibiri a cikin teku, wajen mil 20 daga gaɓar Kamaru. Yau ana ce da shi Biyoko, dā kuwa Fernando Po. Mutanen Nijeriya suna kiransa Panya, domin Turawan Sifen ne suka mallake shi tun 1778. Ƙasa ce mai duwatsu da ruwan sama mai yawa, koko yana yi ƙwarai, sai dai hannuwan aiki sun yi kaɗan. Saboda haka masu gonaki suka sa ido kan Nijeriya. Da fari da kwalekwale ake satar hanya da samari daga wajen Kalaba, cikin dare. A 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniya, aka shiga ɗaukan lebura a fili da takarda. Mutum yakan sa hannu na wajen shekara 2. Ana ba shi wani kashi na ladansa a can, a riƙe sauran sai ya gama wa'adinsa. Yawancin waɗanda suka tafi Ibo ne da Ibibiyo da Efik, dubbai ne kuwa. Hausawa ma sun je, galibi da fatauci, suka zauna a birnin Santa Isabel, wanda aka mai da sunansa Malabo a 1973.

Kada mu ce dukansu wahala suka sha a banza. Waɗansu sun komo da kuɗin aure, da keke, da kwanon rufi. Ganinsu ne ya ja ƙannensu. Amma shekara da shekaru jaridun Ikko suna buga kukan duka da aiki ba hutu a gonakin nan. Wanda aka doka kuwa, ina za shi? In ya gudu daga gona ya bar kuɗin da aka riƙe masa, sa'an nan ya tarad da teku a gabansa. Da yaƙin basasa ya tashi a Nijeriya a 1967, har waɗanda wa'adinsu ya cika da yawa suka rasa gidan komawa. Ran 12 ga Oktoba 1968 ƙasar ta sami mulkin kai a hannun Masiyas Ngema, sai abin ya ƙara muni, aka riƙa hana lebura ladansu, aka kashe waɗansu. Ƙarshenta sai da gwamnatin Nijeriya ta aika da jirage a 1975 da 1976 ta kwaso mutanenta. Da yawa sun sauka da rigar wuyansu kaɗai. Bayan tafiyarsu gonakin kokon suka lalace, abin da ya nuna ko ƙarfin wa ke riƙe da su tun farko.

Mun daɗe kan wannan labari domin a cikinsa ne za mu ga inda maganar saurayin nan ta gaza. Ya ce yana da ƙarfi. Gaskiya ne. Ai ƙarfin nan ne ake saye, shi ya sa mai ɗaukan lebura ba ya sallama a ƙofar tsoho. Ciniki kuwa ba ya zama ciniki sai mai kaya yana da ikon ya ce albarka. Mai sayad da akuya a Shuwarin, in tayin bai yi masa ba, sai ya ja akuyarsa ya koma gida. Wanda ba shi da hanyar komawa da kayansa, duk abin da aka taya dole ya sallama. Ya kuma ce ba mata ba ɗa, yana nufin ba abin da zai rasa. Ashe akwai. Shekarun da ke tsakanin 18 da 30 su ne mutum ke koyon sana'ar da za ta ci da shi ran da gwiwa ta yi sanyi. Ba a riƙe wa kowa su a ba shi bayan wa'adi.

Duk da haka ba mu ce a ɗaure samari a turke ba. Mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Gonar da ta ci da gidan kakanmu an raba ta gado bayan gado, har ta koma ɗan fegi. Tun da aka yi Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 Dutse ta girma, ofisoshi da gidaje sun hau gonaki, a 2011 kuma aka kafa jami'ar tarayya, amma aikin albashi bai kai ga ɗan kowa ba. Uban da ya hana ɗansa tafiya don kawai ya sami mai yi masa noma, bai ba shi gayauna ba, bai koya masa sana'a ba, shi ma ƙarfin yaron yake ci, ba ya ko biya. Zama gida ba lalle ne ya zama halin kirki ba. Wani lokaci tsoro ne kawai.

Mai karatu zai ce, ai Ikko ba Panya ba ce, akwai gada tun 1901, mota na shiga na fita dare da rana. Haka ne. Amma a duba yadda yaranmu ke zuwa. A ƙarshen Agusta 2019 aka tare wata babbar mota tana shiga Ikko ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Aka tsare su, aka bincika, ba a same su da laifi ba, aka sake su. Waɗansunsu acaba suka je yi. Ran 1 ga Yuni 2022 kuwa gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da tsibirin kansa, aka kama babura masu yawa aka murƙushe. Yaron da ya karɓi babur bashi, aka murƙushe babur ɗin, bashin nan yana nan bai murƙushe ba. Gada tana gabansa, amma bashi ya zama masa teku. Masunta ma da suka tafi tsibiran Tafkin Chadi sun ga irin nasu, da aka faɗa wa Baga a Janairu 2015, mai jirgi ne ya fi saurin tsira.

Akwai kuma wani ruwa wanda ya fi waɗannan faɗi, mu ne kuwa muka haƙa shi. Kunya ce. In yaro ya aiko da kuɗi ta waya mukan karɓa mu sa albarka, ba mu tambaya ko a ƙarƙashin gada yake kwana. In ɗan maƙwabci ya komo da sabon babur mukan faɗa a gaban namu, da gangan. In wani ya komo hannu wofi, mata su yi zunɗe a bakin rijiya, mu maza mu ce, "Har ka dawo?" Yaran suna ji, suna ajiyewa. Saboda haka sai wani ya yi shekara 5 yana wahala a bakin teku, kuɗin mota bai gagare shi ba, idonmu ne ya gagare shi. Masu gonakin Panya sun riƙe ladan lebura don kada ya gudu. Mu kuma mukan riƙe maraba, sai in an zo da kaya.

To, a ganinmu saurayi yana da iko ya tafi, uba kuma ba shi da iko ya hana shi don son kansa. Amma kada a sallame shi sai an san gidan wanda zai sauka, an ji sharaɗin aikin daga bakin wanda ya yi shi ya dawo, ba daga bakin dillali ba. Takardar shaidarsa ta zauna a aljihunsa, kada ya ba maigida ajiya ko da wane irin daɗin baki. A ware kuɗin motar komowa a hannun wani amintacce, mu kuma kada mu ranta mu sayi taki da shi. Sa'an nan uban ya faɗa masa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, "Ɗana, in abin bai yi ba ka taho, ɗakinka yana nan."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce mai tsada, gama ba a faɗinta da baki kaɗai. Sau da yawa kuɗin babur ɗin daga jinginar gona ya fito, gonar nan kuwa ita ce yaron zai koma wa. Uban da ya jinginar da ita don ɗansa ya tafi ya yi abin ƙauna, ba mu musa ba, amma ya sayar da jirgin komowa ya biya na zuwa. Mu dai da za a nemi shawararmu, gara yaron ya tafi ba babur, ya fara da dako ko gadi, ya tara da hannunsa, gonar ta kwana a gida.