Mai Takarda da Mai Raya Kango

A jihar Mishigan ta Amurka, dokar 2003 ta ba da damar kafa bankin filaye, wato hukumar da ke karɓar kadarorin da aka ƙwace saboda bashin haraji, har ta kai maƙwabci a birnin Ditroit yana sayen filin da ke jikin shingensa kan dala 100, sau da yawa bayan ya daɗe yana yanke ciyawarsa ba wanda ya sa shi. Wannan ya yi kama da fikihun Malikiyya, wanda yake mallaka mataccen fili, wato filin da ba shi da mai shi, ga wanda ya raya shi, da izinin shugaba idan filin yana kusa da gari, sai dai kiran kangon Ditroit matacce yana da wuya, domin yawanci talauci ne ya kori mai gidan.