Bangon da ba a san mai shi ba

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa gini ya san halin aiki. Yana tsaye, kwaɓi na kyau. Da ya ba da baya, yashi ya rinjayi siminti. A Montebidiyo, babban birnin Yurugwai, akwai unguwannin masu ƙaramin ƙarfi da suka tsira daga wannan cuta, kuma maganin bai wuce ƙuri'a ba.

A 1968 ƙasar ta yi dokar gidaje da ta ba marasa muhalli damar kafa ƙungiyar haɗin kai. Gwamnati ta ranta musu kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aikin, sauran 15 su biya da guminsu. Kowane iyali kan ba da sa'o'i 21 a mako. Wanda ya taso daga masana'anta sai ya kama baro, mata na ɗaure rodi, wasu su kwana gadin kayan aiki. Ana ɗaukar ƙwararrun magina da masu zane, amma 'yan ƙungiya ke riƙe da kuɗi, su ke sayen kaya. A 1970 ƙungiyoyin suka dunƙule a inuwa ɗaya mai suna FUCVAM.

Abin lura shi ne, ba wanda ake nuna wa gidansa tun ana haƙa tushe. Sai gini ya zo ƙarshe ake jefa ƙuri'a tsakanin iyalan da ke buƙatar ɗakuna daidai da juna. Mutum yana jera bulo bai san ko bayan bangon nan 'ya'yansa za su kwana ba. To, ta ina zai fara ha'inci? In ya rage siminti, wataƙila kansa ya cuta. In ya ga wani yana aikin ganin ido, ba zai kawar da kai ba. Ko a gayyar noma an san mai gona, shi ya sa wani kan yi sharar fage ya jira fura. A nan kowa mai gona ne, kuma ba wanda ya san kunyarsa.

Bayan an tare ma, gidan ba ya zama hajar kasuwa. Ƙungiya ce mai mallaka. Iyali na da haƙƙin zama har su gadar wa 'ya'ya, amma mai son tashi ƙungiya zai mayar wa, a ba shi abin da ya zuba. A ganina wannan ya fi rancen muhimmanci, domin gida mai araha da aka bari a hannun dillalai, sau ɗaya yake araha. Gwamnatin sojan da ta mulki ƙasar daga baya ta so ta wargaza tsarin, ta ce kowa ya riƙe takardar gidansa. A Fabrairun 1984 mazauna suka bazu kan tituna, suka tara sa hannu sama da 300,000 a yini guda don ƙin amincewa.

Ba hanya ce mai sauƙi ba. Taro ba ya ƙarewa, ana shekaru ana jiran rance, mai neman na yau da ƙyar yake samun sa'o'in. Fili kuwa gumi ba ya sayensa, sai da hukumar birnin ta fara ware filaye domin irin waɗannan ƙungiyoyi a 1990.