Ɗana, Kafin Ka Sayi Injin Tuƙin Kwale-kwale

Ɗana, na ji kana haramar sayen injin motsa jiki, irin wanda ake zama a kansa ana ja kamar mai tuƙa kwale-kwale. Na yi murna ƙwarai. Iyayenmu a Karakkai da Kwatarkwashi ba su buƙaci inji ba, domin fartanya da jan guga sun ishe su, iyayenmu mata kuma ga turmi da taɓarya. Kai kuwa tun da ka kama aiki a Gusau, daga kujerar ofis sai mota, daga mota sai tabarma da kwanon tuwo. Ta wannan ƙofa hawan jini da ciwon suga ke sallama.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Rabin awa a rana, kwana biyar, ka cika mafi ƙaranci ke nan, kuma tafiyar ƙafa da sauri ma tana bayar da shi kyauta. Sai dai na san halin rashin tsaro da muke ciki. A shekarun nan ba uban da zai ce wa ɗansa ya fita bayan gari da duku-duku, ko a Bungudu ko a Tsafe. Ga kuma mai ɗakinka, wadda ba za ta fita titi gudu ba. Don haka ban hana ka saye ba, amma ka saya da idon basira.

Tambayar farko ga mai shago ita ce: yana cin wuta? Injin da ke jiran a kawo wuta, a garinmu, ya zama wurin shanya tufafi. Mai aiki da iska ba ruwansa da wuta. Fanka ce a gabansa, kana ja tana juyawa, gwargwadon ƙarfin janka gwargwadon nauyin da za ka ji. Kamfanin Concept2 na jihar Vermont a Amurka ya fito da irinsa tun 1981, kuma batir kawai allonsa ke buƙata. Aibinsa biyu ne: ƙara, da shan ƙura. In hunturu ya kama, ƙura za ta cika ragar fankar, dole ka riƙa rufe shi da zane, kana goge sandar da kujera ke zamewa a kai, kana ɗiga wa sarƙarsa mai. In ka san ba za ka yi ba, kada ka soma.

Akwai mai tankin ruwa, wanda ya fi kama da tuƙin gaske, amma ruwansa na yin gansakuka in ba a sa masa magani ba. Akwai mai maganaɗisu, shi ba ya ƙara, yana da kyau ga gidan haya, sai dai wasu daga ciki sai an jona su da wuta. Mai araha kuwa, wanda ke da bututun mai a ƙarƙashinsa, yakan yi zafi ya fara yoyo. Araha ba ta ado.

Auna ɗakinka kafin ka ciro kuɗi, domin tsawon mai kyau ya kusa mita biyu da rabi. Kada ka saya daga hoton waya. Hau ka zauna, ka miƙe ƙafafunka gaba ɗaya ka ga ko kujerar ta ƙure, ka tambayi iyakar nauyin da yake ɗauka. In na hannu ne, ka tambaya inda za a samu sarƙa da tayoyin kujera in sun lalace, ko sai an aika Kano.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato bayanka. Sababbin shiga suna ɗauka aikin hannu ne, sai su ranƙwafa su fizga, kwana uku su kwanta da ciwon ƙugu. Aikin na ƙafa ne. Ka tura da ƙafafu tukuna, sannan ka ɗan jingina baya, sannan hannu ya jawo mariƙin zuwa ƙasan ƙirji. Wajen komawa hannu ne kan gaba, ƙafa a ƙarshe. In mai iska ne, kada ka kai maɓallin nauyinsa ƙarshe don nuna ƙarfi, tsakanin 3 da 5 ya isa. Fara da minti goma, ja ashirin ko kusa da haka a minti ɗaya, yadda za ka iya magana kana yi. Ka cire doguwar riga, don tayoyin kujera na kama ta. A bazara ka yi bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, a watan azumi kuma sai bayan an sha ruwa, abinci ya faɗa.

In ka haura arba'in, ko akwai hawan jini a gidanku, ka biya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibiti mafi kusa a auna ka tukuna. In kana cikin ja ka ji ƙirjinka ya riƙe, ko jiri ya ɗebe ka, sauka nan take ka nemi likita.

Roƙona ɗaya ne, ɗana. Ka ba ni wata guda kana zagaya tsakar gidanka rabin awa kullum. In ka cika shi ba fashi, je ka sayi injinka, Allah Ya sa albarka, kuma ka koya wa mai ɗakinka ita ma ta riƙa hawa.